Jan Zare a Gefen Hagu

Zuwa ga Tawada, 'yar Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa, ke da injinanki masu kashe kunne. Ki gaida Kawu, ki ce masa ya daina yawo da ƙafar nan mai ciwo kamar ta haya ce. Inna lafiya lau, sai gwiwa da mita, kuma duk biyun kin san su tun kafin ki bar mu. Ni ma lafiya, in ban da wani ciwon kai da ke riga ni tashi da safe. Zafin tanda ne na gidan burodinmu. Da na sha shayi na hau mota yake sakina.

Kin ce in daina kiranki a waya tunda ƙarar maɗaba'a ta cinye miki rabin ji, in riƙa rubutowa. To ga shi. Ki duba hannun da kyau, babu wanda ya riƙe mini alƙalami.

Yanzu ki gyara zama. Akwai jami'a da nake kai wa ɗakin cin abincinsu burodi. Ranar nan ina jiran a sauke kaya, ina karanta wata tsohuwar jarida a kan sitiyari, sai ga wata malama ta tsaya a tagar mota. Wai a aji nawa na tsaya? Na ce a ajin allon shago. Maimakon ta ji haushi sai ta yi murna kamar ta tsinci abin da ta daɗe tana nema. Ashe bincike take yi a kan yadda ido ke tafiya in mutum yana karatu, kuma tana neman irina, waɗanda suka koya da girmansu ba malami.

Na gaya mata yadda aka yi. Na ce wasiƙun da kike aiko wa Inna ni nake kai wa mai shagon bakin layinmu ya karanta mana, shi kuma ya ɗaga murya yana karanta sirrin gidanmu masu sayen sabulu suna dariya. Ranar da ya karanta zancen sakinki yana lanƙwasa murya irin ta mata, a ranar na rantse. Daga rubutun bayan manyan motoci na fara, sai kwalin maganin Inna, sai jarida. Haushi ne malamina, kuma bai taɓa fashin zuwa aji ba.

Ɗakin nasu ba taga, sanyi kamar ɗakin ajiye nama. Akwai wani ƙarfe a bakin tebur da za ka ɗora haɓa ka jingina goshi, ka zauna kamar rago a hannun mahauci. Gabanka allon kwamfuta, ƙarƙashinsa 'yar kyamara tana kallon ƙwayar idonka. Da farko wani farin ɗigo za ka bi, sama, ƙasa, dama, hagu, don na'urar ta san idonka. Sannan jimloli su fito ka karanta a zuci. Ɗalibinta mai gilashi ya zo yana yi mini bayani a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai lallashin akuya. Na ce masa ɗan'uwa, makaranta ce ban yi ba, ba kunne na rasa ba.

Da muka gama ta nuna mini idona. Tawada, na ga abin mamaki. Wani jan ɗigo ne a kan rubutun, yana nuna inda nake kallo. Ni na ɗauka ido gudana yake a kan layi kamar ruwa a kwata. Ina! Tsalle yake kamar fara. Ya dira, ya tsaya, ya sake tsalle, ya haye ƙananan kalmomi ko kallo ba su ishe shi ba, wani lokaci ya koma baya kamar ya yar da wani abu. Ta ce a daidai lokacin tsallen mutum makaho ne, bai sani ba. Don ta tabbatar mini, sai ta ce tun ɗazu na'urar tana musanya kalma a gabana ina cikin tsalle, kuma ko sau ɗaya ban kama ta ba. Na ce wato kin yi mini sata ina kallonki. Ta ce haka take yi wa kowa, har shugabanta.

Amma ta ce nawa idon daban ne. Ina dira a tsakiyar doguwar kalma, in cafki siffarta, in cika sauran da ka. Na ce to wanda ya koyi karatu a bayan motar da ke gudu ai ba ya jiran a gama masa kalma. Ta ce in dawo bayan 'yan watanni a sake aunawa.

Ki gaya wa Kawu ɗan ƙanwarsa ya shiga jami'a, ta ƙofar burodi.

Taubashinki,
Barkono

*

Barkono, ɗan Goggo,

Na amsa sallama. Muna lafiya. Baba ya ce a gaya maka ƙafarsa ce, ba ta ubanka ba, kuma yana gaishe ka. Ka shafa wa Goggo man da na haɗo da wasiƙar nan a gwiwa da hannunka, kada ka miƙa mata kwalba ka wuce kana surutu.

Na karanta wasiƙarka a bakin injin yankan takarda, na yi dariya har abokiyar aikina ta zo leƙe. Wato an samu na'urar da ta sa ka rufe baki ka zauna wuri ɗaya? Ka tambayo mini malamar ko tana sayarwa. Kuma har yau ba za ka ce mini Yaya ba, ni da na goye ka kana zuba mini majina a wuya. Allah ya shirye ka.

Gaskiya hannunka ya yi kyau. Ban san zancen mai shago ya tsaya maka a rai haka ba. Ni na manta da shi tuni, shi da mijin duka.

Abu ɗaya dai, ka san sana'ata gefen takarda ce, duk wuni shi nake daidaitawa ina ɗinke littattafai, don haka idona can yake fara zuwa. Ka bar fili a hagu kamar za ka yi shuka a wurin. Saman shafi ka fara daga baki, kana sauka kana matsawa ciki. Ko ku masu burodi kun yi arzikin takarda ne? Ka sa littafi a ƙarƙashi ka daina rubutu a kan cinya.

Ciwon kan nan fa? Kai da kake cikin mota, ina kai ina zafin tanda? Ka ba ni amsa, kada ka yi mini tsallen fara a kan wannan layin.

Yayarka ko ka ƙi,
Tawada

*

Tawada,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, aiki ne ya yi yawa, kuma raina a ɓace yake, ban so in zuba miki shi da zafinsa. Ya ƙi hucewa, sai ki karɓa haka.

Bari in fara da mai daɗi. Kamfanin manyan motocin fasinja sun ɗauke ni. Zan bar burodi ƙarshen watan nan. Kuma kin san hanyar da suka ba ni? Taku. Ni zan riƙa shigowa garinku da doguwar mota cike da mutane, ki fito tasha ki ga wanda kika goya. Inna ta ce tafiyar farko da ita za a yi, a kujerar gaba, ta zo ta ga ɗan'uwanta kafin ɗayansu ya riga ɗaya. Ta riga ta fara ɗaure kaya.

Yanzu ga mai ɗacin. Na koma wurin malamar ido. Na ɗora haɓa, farin ɗigo ya fito, na bi shi sama, na bi shi dama, sai ya ɓace. Na zauna ina jira. Mai gilashi ya ce, bi ɗigon mana. Na ce wane ɗigon, na'urarku ta mutu. Ya ce ga shi nan a hagu. Na juya kai, ga shi kuwa, ya yi tsuru a kusurwa kamar ɓarawo. Aka sake, aka kuma sakewa. Suka goge kyamara, suka sauya kujera, suka kashe fitila suka kunna. Duk sanda ya tafi hagu sai ya shige wani rami.

Aka dai ba ni jimlolin na karanta, na kuma amsa tambayoyinsu, yawanci daidai. Amma da malamar ta zauna kallon jan ɗigon, sai na ga ta daina motsi. Wancan karon tana kallo tana hira. Wannan karon ta sa hannu a baki. Ta ce wa ɗalibin ya ba mu wuri.

Wai in ido ya kai ƙarshen layi, yakan yi dogon tsalle ya koma farkon na gaba. Nawa wai ba ya kaiwa, a tsakiya yake sauka, sai in ƙirƙiro farkon da kaina in wuce. Na ce ai ke kika yaba mini wannan dabarar da bakinki. Ta ce wancan karon zaɓi ne, yanzu ba ta jin zaɓi ne. Ta ce ita ba likita ba ce, ba za ta sa wa abin suna ba, amma in je asibiti a duba ni cikin makon nan, ba ido kaɗai ba, har da kai. Sai ta tambaye ni sana'ata, alhali ta sani. Ta ce don Allah kada in tuƙa mota kafin a duba.

Kin ji fa. Ni na san abin da ya faru. Sakamakona ya ɓata mata lissafi, bai zauna a inda take so jahili ya zauna ba, shi ne za a ce kaina ne ya lalace. Na'urarsu ta tsufa, sai a ɗora wa direban burodi. Na gaya mata haka, na ƙara da wasu da ba zan rubuta ba. Ta biyo ni har bakin mota da wata takarda wai in kai wa likita. Na goge gilashi da ita.

Kuma kamar haɗin baki, ina fita mai gadinsu ya turo ƙyauren ƙofa ya fasa mini madubin hagu, sannan ya rantse wai ƙyauren bai motsa ba. Garin nan kowa ya zama maƙaryaci. Ko Inna jiya cewa ta yi na wuce ta a bakin layi tana ɗaga mini hannu ban gaishe ta ba. Yaushe?

Zancen fili a takarda kuwa, ke dai ba kya rasa abin kushewa. Na duba, ban ga wani fili ba.

Barkono

*

Ɗan Goggo,

Barka da samun aiki, barka ƙwarai. Na san shekarun da ka yi kana hangen manyan motocin nan. Baba ya yi ta sa maka albarka har ya yi ƙwalla. Muna lafiya. Allah ya sa ku ma haka, kuma a wannan karon ba don al'adar wasiƙa na faɗa ba.

Ka ajiye wasa, ni ma na ajiye. Na shimfiɗa wasiƙunka biyu a kan teburin aiki na sa ma'auni. Ta farko fili ya fara kaɗan ya ƙaru. Ta biyun nan, tun layin farko ka bar faɗin yatsu uku, kafin ka kai ƙasa rubutunka ya koma rabin shafi, ya matse a dama kamar mutanen da ke gudun ruwan sama a ƙarƙashin rumfa. Kuma ka ce ka duba ba ka gani ba. Wannan maganar ce ta hana ni cin abinci.

Ni ban san malamar nan ba, ban ga na'urarta ba. Amma ni ba na'ura ba ce, kuma ba ni da lissafin da za ka ɓata mini. Ɗigo ya ɓace a hagu. Madubi ya fashe a hagu. Goggo a wane gefe ta tsaya? Ka tambaye ta. Ka kalli fuskarka in ka yi aski. Ka kalli kwanonka in ka gama ci.

Barka na ce, kuma ina sake cewa, amma aikin nan zai jira ka mako ɗaya. Ka je asibitin. In suka ce lafiya kake, ni zan zo tasha da kaina in durƙusa a gaban fasinjojinka in ce na yi ƙarya. Kafin nan kada ka sa Goggo a motar, kada ka sa uwar kowa.

Tawada

*

Ke Tawada,

Muna lafiya, tunda dole sai an faɗa.

Na gode. Na samu aikin da na yi shekaru ina nema, 'yar kawuna ko barka ba ta iya ce mini ba. Na karanta wasiƙarki daga sama har ƙasa ina neman kalmar, babu. Sai ma'auni, sai kwano, sai aski. Kuma ki riƙa duba abin da kike rubutawa kafin ki aiko, jimlolinki duk guntu-guntu ne, wasu ba kai sai wutsiya, sai da na yi ta cika miki. Ke da kike aikin littafi! In tsufa ne ya fara, ki faɗa mu sani.

Ashe ke ma irinsu ce. Kun yi makaranta, kun ga wanda bai yi ba ya kamo ku, sai ku fara laluben inda ya fashe. Mai shago ya yi mini dariya don ban iya ba, ku kuma kuna so ku kwantar da ni a asibiti don na iya. Kin san abin da zai faru in na je? Su rubuta wani abu a takarda, takardar ta isa kamfani, a ba wani motata. Shi ke nan in koma dakon burodi har in mutu. Wanda ya ƙi ni bai yi mini wannan ba, sai ke.

Malamar ma ta aiko ɗalibinta har gidan burodi yana nemana. Na sa an ce masa na yi tafiya.

Inna ta shiga cikinku. Wai na bar gemu a kunci ɗaya, wai ina barin rabin abinci. Ina barin abinci don ciwon kan yana tayar mini da zuciya da safe, ba don komai ba. Kafaɗata kuma da ta kumbura, ƙofar ɗakinmu ce, kin san ta da ƙunci tun da can.

An gwada ni a filin kamfani, na yi gaba na yi baya, manaja ya ce hannuna kamar an haife ni a kan sitiyari. Ranar Asabar ta sama muna tasowa da safe, ni da Inna. In kin ga dama ki zo tasha. In ba ki ga dama ba, na san hanyar gidan Kawu.

Kada ki sake aiko mini da awo.

Barkono

*

Barkono,

Lafiya muke. Ba zan tsawaita ba.

Na yi maka barka har sau uku. Duk wajen farkon layi suke. Jimlolina kuma da kansu na aiko su.

Ka ga wannan wasiƙar siririya ce. Ba takardar ce siririya ba. Da gangan na rubuta ta a gefen dama kaɗai, don in tabbata ka same ta duka.

Ba na neman ka yarda da ni, ko da malamar. Ka yarda da yatsanka. Ka ɗora shi a kan wannan kalmar, ka ja shi hagu a hankali, kada ka ɗaga. Na ɗinka jan zare a bakin takardar, irin wanda nake ɗinke littafi da shi. Kada ka tsaya sai ka ji shi. Abin da ka tarar a hanya, naka ne.

In ba ka tarar da komai ba, ka zage ni son ranka, ka taho.

Tawada

*

Ɗan Goggo,

Sallama. Asabar ta zo ta wuce. Na je tasha tun safe, na zauna a kan bencin masu jira har aka fara share wuri. Motar kamfaninku ta shigo a makare, wani dattijo ne ya sauko daga kujerar direba. Na tambaye shi kai, ya ce shi daga hutu aka kira shi, bai san komai ba. Na leƙa kujerar gaba, wata mata ce da kaji.

Na sa abokiyar aikina ta kira wayarka ta saurara mini, a kashe. Baba yana tambayata ina ƙanwarsa, na ce masa gwiwa ce ta hana ta. Ban san ko ƙarya na yi masa ba.

Ko zagi ne, ka rubuto.

Tawada

*

Yaya,

Muna raye, ni da Inna, ba wanda ya ji ciwo. Na sa wannan a farko don ki iya karanta sauran a zaune. Ki gaida Kawu. Zancen lafiya kuwa, bari in ba ki labari ki yanke da kanki.

Siririyar wasiƙarki ta zo ana saura kwana biyu mu taso. Ban buɗe ba, na jefa ta bayan akwati. Inna ce ta ɗauko ta ta sa a jakarta. Ranar Asabar muna tasha, an ɗaure kaya, fasinja sun cika, ta hau kujerar gaba da sabon mayafinta, na zauna na kunna mota ina jiran ta yi zafi. Sai ta miƙo mini. Ta ce ba za ta je ta kalli idon 'yar ɗan'uwanta ba alhali wasiƙarta tana rufe. Na ce Inna ba yanzu ba. Ta ce to ba yanzu ba ita ma za ta sauka. Kin san ta.

Na buɗe don a zauna lafiya. Na karanta, na yi tsaki. Na ce bari in yi abin yatsan don in samu abin da zan zage ki da shi in mun iso. Na ɗora, na ja. Ni a ganina takardar ta ƙare, ina jiran yatsana ya faɗa kan sitiyari. Bai faɗa ba. Ya ci gaba da tafiya a kan takarda, a wurin da babu takarda. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba, kuma ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Da na ji zaren, na juya kaina gaba ɗaya na bi hannuna. Ga rubutunki da jan alƙalami, manya-manya kamar allon shago, sun cika rabin shafi: IN SAI DA YATSA KA SAME NI, KA SAUKE GOGGO.

Ko a nan ban sallama ba, kin san halina. Na kira kwandastan, wani tsoho mai haƙuri, na ce Baba zagaya ta hagu ka tsaya inda mai tsallaka titi zai tsaya, ka ɗaga hannu, ina so in daidaita madubi. Na kalli gabana kamar ina tuƙi. Na jira. Na ji haushi ya taso, na leƙa ina cewa wai ina tsohon nan ya tsaya shan shayi. Sai na ji an buga gilashi dab da kunnena. Yana nan. Ya ce tun ɗazu yake tsaye yana ɗaga hannu biyu har fasinja suna dariya. Mutum guda, da hularsa da tumbinsa.

Na kashe mota. Na sauko na zagaya, ina bin jikinta da hannu, na buɗe wa Inna ƙofa. Ta miƙo hannu na sauke ta. Fasinja suka yi mini ca. Wani ya ce shaye-shaye ne. Manaja ya fito yana ihu wai na san asarar da na ja masa? Na ba shi makullinsa. Na so in gaya masa maganar da zai kwana yana juyi, sai kawai na juya na kama hannun Inna. Karo na farko ke nan. Ya ce kada in sake taka masa fili.

Litinin na koma wurin malamar, tunda takardarta na goge gilashi da ita. Na shirya ta rama. Ba ta rama ba, ta ajiye aikinta ta kai ni asibitin da motarta. Mai gilashi ne ya riƙe mini ƙofa, ta hagu, ban ma gan shi ba sai da ya yi magana. A hanya na ce mata to bincikenki fa, na ɓata miki. Ta ce ba za ta iya sa ni a lissafin ba yanzu, kuma ba shi ne damuwarta ba. Na tambaye ta me ya sa ban ga duhu ba, in da gaske rabi ya tafi. Ta ce ka tuna tsallen fara? A nan ma ba ka ga duhu ba. Kan mutum ba ya nuna masa inda ya rasa, cikewa yake yi ya wuce. Kuma wai nawa ya fi na kowa iya cikewa, ni na horar da shi da kaina.

Likitan ya haska idanuna ya ce su lafiyarsu ƙalau. Na fara murna, sai na ga shi bai yi ba. Ya ce abin yana can ciki, a hanyar da gani ke bi, kamar wani abu ne ke danne ta. Sun ɗauki hoton kaina a cikin wata na'ura mai ƙara irin ta wurin aikinki. Sun ce in dawo ranar Alhamis ta sama, kuma in zo da babba a gidanmu. Na ce ni ne babba. Ya ce ka zo da wani dai.

Inna ba ta kwance kayanta ba. Suna nan a bakin ƙofa, ina tuntuɓe da su.

Wayar na kashe ta ne don 'yan gidan burodi sun dame ni da tambaya. Ban da wannan, kin ce barka sau uku. Na ɗauko wasiƙar na bi ta da yatsa, na same su. Na gode.

Ba ni da zare, amma na sayi jan alƙalami. Kafin in fara rubutun nan na laluba bakin takarda na ja layi daga sama har ƙasa, na yi niyyar kowane layi daga jikinsa zai tashi. Na yi iya ƙoƙarina, a idona duk sun taɓa shi. Amma idona kin ji matsayinsa. Ki sa ma'auninki, ki gaya mini gaskiya kamar yadda kika saba, ba na son lallashi. Na kai?

Ƙaninki,
Barkono

*

Ƙanina,

Layukan farko ne kaɗai suka taɓa shi.

Na ɗauki hutu, na bar Baba a hannun maƙwabta. Kada ka zo tasha tarona, na san hanya. Ka ce wa likitan babbar tana zuwa. Ka kwashe kayan Goggo daga bakin ƙofa, ka mai da su dama.

Yayarka